MASKA DA ƘAUYEN BIBURY: ME BAƘO KE ZUWA GANI A TSOHON GARI?

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu bai wuce wani zama da muka taɓa yi a ofishin malamai na makarantarmu ba, inda aka ce kowa ya kawo shawarar wurin da za a kai ɗalibai ziyarar buɗe ido. Wani ya ce hasumiyar Gobarau, wani ya ce rijiyar Kusugu ta Daura, wani ma har ya kai mu madatsar ruwa ta Kainji. Muna nan cikin Funtuwa, garin da hakiminsa ke riƙe da sarautar Sarkin Maska, amma duk cikinmu, har da ni mai koyar da tarihi, babu wanda bakinsa ya furta Maska. Da na koma aji na tambayi yara ko ina ne Maska ɗin da ake ambata a sarautar hakiminsu, sai da yawansu suka ɗauka suna ne kawai na sarauta, kamar Galadima ko Makama. Ba su san gari ne mai mutane da gonaki ba, wanda yake nan kudu da mu, tafiyar da ba ta kai a yi mata guzuri ba.

A bangon wannan ofishi kuwa akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton jerin gidajen dutse na wani ƙauyen Ingila da ake kira Bibury. Da na bi diddigin labarin ƙauyen, sai na tarar tarihinsa da na Maska sun yi kama ƙwarai: dukkansu garuruwan masaƙa ne da zamani ya bi ta wata hanya ya bar su. Inda suka rabu shi ne abin da mutanensu suka yi da abin da ya saura. Wannan ne nake so mu duba tare.

Katsina Laka da garuruwanta

Tsofaffi kan kira kudancin ƙasar Katsina da sunan Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce, mai riƙe ruwa, ba kamar jigawar arewa ba. Damina ta fi tsawo a nan, saboda haka dawa da auduga da baba da rake suna yi sosai. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 2005, ya yi bayanin wannan yanki a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981. Abin da mai karatu zai fahimta daga irin wannan bincike shi ne, kafin a san Funtuwa a matsayin babban gari, akwai birane masu ganuwa da sarakunansu a wannan yanki: Maska, da Gozaki da ke ƙaramar hukumar Kafur a yau, da Birnin Kogo a ƙasar Faskari, sannan can yamma ga 'Yandoto, garin malamai, wanda yanzu ya faɗa jihar Zamfara.

Maska tana bakin iyaka ne tsakanin ƙasar Katsina da ta Zazzau. Garin iyaka kuwa yana da riba yana da haɗari. Ribar ita ce fatake ba su da makawa sai sun ratsa, su sauke kaya, su sayi abinci da tufafi. Haɗarin shi ne duk rundunar da ta taso, kai za ta fara tararwa. Dalilin ganuwa ke nan. Gina ganuwa ba aikin mutum goma ba ne. Sai gari yana da jama'a masu yawa, da rumbunan da za su ciyar da su lokacin gayya, da shugaban da zai ce a fito a fito. Don haka duk inda ka ga kufan ganuwa, ko da tudun ƙasa ne ya rage, ka ga shaidar arziki da tsarin mulki.

Arzikin Maska kuwa a zare yake. Manomi ya noma auduga, mata su gurje ta su fitar da angurya, su shiɓe ta da baka, su kaɗa da mazari, suna shafa alli a yatsa. Zaren ya tafi wurin masaƙi, ya saƙa ƙwarya-ƙwarya a ɗinke, a sami fari da saƙi da gwado da luru. Daga nan sai karofi, inda marina ke haɗa baba da toka, sai kuma mabuga. Riga ɗaya kafin ta hau jikin mai ita ta bi hannun mutum bakwai ko takwas, kowa kuma ya ci abinci da ita. Wannan ita ce masana'antar ƙasar Hausa kafin zuwan inji.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauya masu mulki a ƙasar Katsina. Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki wajen 1807, tsohuwar zuriyar sarauta kuma ta yi arewa, daga baya ta kafu a Maraɗi, inda ta riƙa kawo hare-hare cikin ƙarni na 19. Duk da haka manyan garuruwan kudu sun ci gaba da zama da hakimansu: Galadiman Katsina a Malumfashi, Sarkin Maska a Maska. Yaƙi bai tashi garin ba. Abin da ya rage masa ƙarfi ya zo ne cikin lumana, a kan taya da kan dogo.

Yadda hanya ta kauce

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. Shekara ɗaya kafin nan, wato a 1902, masu masaƙun Lankasha sun kafa wata ƙungiya a birnin Mancesta, mai suna BCGA a taƙaice, wadda bakinmu ya mayar Bisije. Burinta shi ne ta sama wa injunansu auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka, domin su daina dogara ga Amurka. Idonsu ya faɗa kan Arewacin Nijeriya. Abin da ya kamata ɗalibanmu su sani shi ne, a farkon al'amari Bisije ta sha wuya, saboda masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi tata. Wato kakanninmu da ƙoshiya da takala sun yi gogayya da injunan Mancesta a kasuwa, kuma sun daɗe ba su faɗi ba.

Amma Bature ya yi shiri mai nisa. An shigo da irin auduga na Amurka da ake kira Allen, aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, aka kafa gidan gurza a Funtuwa cikin shekarun 1920. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan aka ja reshe daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Hanyoyin mota na Zariya da Sakkwato da Katsina da Birnin Gwari duk suka haɗu a Funtuwa. A cikin wannan zamani na mulkin Turawa ne aka ɗauke mazaunin hakimi daga Maska aka dawo da shi Funtuwa. Sarauta ta taho da sunanta, gari ya tsaya inda yake.

Daga nan auduga ta daina tsayawa a gida. Ana auna ta, a gurje, a ɗaure, jirgi ya kwasa zuwa Ikko, ta dawo mana a matsayin akoko da atamfa. Daga baya masaƙun zamani suka zo kusa: ta Kaduna a 1957, ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1970. Su ma nasu lokacin ya zo ya juya. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, babbar masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, yadin waje ya cika kasuwa. Manomin da kakansa ya yi suna da auduga, yau masara da waken suya da shinkafa ne a gonarsa.

Ni kaina na ga wutsiyar wancan zamani. A ƙauyenmu, ina ƙarami, kakata takan zauna da hantsi da mazarinta da ɗan kaskonta tana kaɗi, wani dattijo maƙwabcinmu kuma yana da masaƙa a gindin wata bedi. Da ya rasu, 'ya'yansa suka rasa abin yi da itatuwan, aka hura wuta da su. Ramukan karofin bayan gari kuwa shara aka riƙa zubawa har suka cike, wani ya saye filin ya yi shago. Babu wanda ya yi haka da mugunta. A idonmu a lokacin, tarkace ne.

Ƙauyen Bibury

Yanzu bari mu leƙa wancan ƙauye na jikin kalanda. Bibury yana gundumar Gloucestershire ne, a yankin tuddai da ake kira Cotswolds, a bakin wani ɗan kogi mai suna Coln. Mutanensa ba su wuce ɗari shida da wani abu ba, wato bai kai unguwa ɗaya ta Funtuwa ba. Sunansa ya fito a littafin ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki Wiliyam ya sa aka yi a 1086. Arzikin yankin a da ulu ne, gashin tumaki. Jerin gidajen nan da ake ɗauka hoto, waɗanda ake kira Arlington Row, an gina su ne wajen 1380 a matsayin ma'ajiyar ulu, sannan a ƙarni na 17 aka mayar da su gidajen masaƙa.

Da injin tururi ya zo, sana'ar saƙa ta yi ƙaura zuwa arewacin Ingila inda gawayin kwal yake. Ƙauyukan masaƙa irin su Bibury suka koma baya, matasa suka tafi birane. Ka ga ke nan injin da ya kashe kasuwar masaƙin Maska, ɗan'uwansa ne ya fara kashe ta masaƙin Bibury. Sai dai rashin kuɗi ya yi musu wata rana: ba su sami halin rushe tsofaffin gidajensu su gina na zamani ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani mawaƙi kuma mai zane, William Morris, ya yaba kyan ƙauyen, ya fifita shi a kan sauran ƙauyukan Ingila, maganar tasa ta bazu. A 1929, shekarar da dogo ya kai Ƙauran Namoda, wata ƙungiya ta saye jerin gidajen domin kada su lalace, a 1949 kuma suka koma hannun National Trust, ƙungiyar da aka kafa a 1895 don kula da tsofaffin gine-gine da wuraren tarihi. Har hoton gidajen ya taɓa shiga cikin fasfon ƙasar. Yau baƙi daga Japan da Sin da Amurka suna tururuwa can, har mazauna ƙauyen suna kuka da yawan manyan motocin da ke toshe musu hanya.

To me baƙon nan yake biyan kuɗin jirgi ya zo gani? Ɗakunan talakawa masaƙa ne, masu gajerun ƙofofi. Abin da ya ba su daraja abu biyu ne: ba a rushe su ba, kuma an rubuta labarinsu. Tun 1899 Ingilawa suka fara wani gagarumin aiki na rubuta tarihin ƙasarsu gunduma-gunduma, ƙauye-ƙauye, kuma har yanzu ba su gama ba. Kafin wannan ma, limaman coci da malaman makarantun ƙauye ne suka riƙa rubuta tarihin garuruwansu a ƙananan littattafai. Mutane irinmu ke nan.

Kada mu yaudari kanmu

Wani zai ce, ai su da dutse suka yi gini, mu da ƙasa, damina uku ba yaɓe sai bango ya kwanta. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Hasumiyar Gobarau ta ƙasa ce, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 na ƙasa ne, kuma saboda an kula da su sun daɗe a tsaye. Ginin ƙasa yana rayuwa muddin akwai mai yi masa yaɓe. Abin da ke kashe shi shi ne ranar da masu shi suka fara jin kunyarsa.

Wani kuma zai ce, wane baƙo ne zai zo ƙauyen kudancin Katsina a wannan hali? Wannan ma magana ce mai nauyi. Mun ga abin da 'yan bindiga suka yi a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da sauran wurare, kuma ba mu manta da daren watan Disamba na 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da ɗari uku daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ba zan ce wa kowa ya gina masaukin baƙi a ƙauye gobe ba. Amma wannan hali shi ne ma ya sa aikin ya zama na gaggawa. Idan ƙauye ya watse, dattijon da ya san sunayen ƙofofin gari da jerin masu unguwanni yakan ƙare ne a ɗakin haya a bayan gari, cikin mutanen da ba su san darajar abin da ke kansa ba. Ranar da ya rasu, an rufe littafi ke nan wanda babu kwafensa.

Kuma baƙon da nake nufi ba lalle sai Bature mai kyamara ba. Baƙo na farko shi ne ɗan aji uku na sakandaren Funtuwa ko Bakori ko Malumfashi. Na biyu shi ne jikan Bamaske da aka haifa a Kaduna ko Legas, wanda ke son ya nuna wa 'ya'yansa inda aka binne cibiyar kakansu. Na uku ɗalibin jami'a mai neman abin rubutawa. Waɗannan suna nan, ba sa bukatar biza.

Daga baya na kai wasu ɗalibaina Maska. Ba mu tarar da allo ko ɗan jagora ba. Wani dattijo ne ya bar abin da yake yi ya zagaya da mu, yana nuna mana inda ganuwa ta bi, yana ba da labari. Yaran da ba sa iya zama minti goma a aji ba su yi surutu ba, ranar sai da na yi da gaske kafin suka shiga mota. A hanya wata yarinya ta ce da ni, "Malam, to me ya sa ba a sa wannan a littafinmu ba?" Na ce mata domin ba a rubuta ba. Ta ce, "Wa zai rubuta?" Ban ba ta amsa ba, domin na san da ni take.

Aikin da ke gabanmu

'Yan'uwa, mun iya rubuta labarin soyayya da ke faruwa a Dubai da Landan, garuruwan da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba, alhali ƙauyen da aka yanke mana cibiya ba shi da ko shafi goma. Ba ina kushe ƙagaggen labari ba ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ina dai tuna mana cewa akwai gona a bayan ɗaki da ba a noma ba.

Misali yana kusa da mu. A garin Giwa, tsakaninmu da Zariya, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, a 1949 da 1950, tana rubuta labarin rayuwarta kamar yadda take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau duk mai son sanin zaman matan Hausawa na karkara kafin zuwan Turawa da bayansa sai ya nemi shi. Da an yi jinkirin shekara biyu, da babu shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki gari ɗaya, nasu ko na kusa da su. Ya nemi izinin mai gari, ya zauna da tsofaffi maza da mata, ya naɗi maganarsu a waya, ya rubuta sunan wuri da ranar da aka yi hirar. Ya tambayi sunayen ƙofofi da unguwanni da rijiyoyi da kasuwanni, da jerin waɗanda suka yi sarauta, da sana'ar kowace zuriya da inda ta taso. Kada ya tsaya ga gidan sarauta kaɗai. Masaƙa da marina da maƙera da Maguzawan da ke kewaye duk suna da nasu bakin. Idan ruwayoyi biyu suka saɓa, ya kawo su duka, kada ya zaɓi wadda ta fi daɗi ko wadda za ta faranta wa wani rai. Ya ɗauki hoton abin da ya rage, ya auna shi ko da da taki ne. Wanda ya sami hali ya leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, inda rahotannin jami'an mulkin mallaka kan gundumomin Katsina suke, ya gwada su da abin da ya ji, yana tuna cewa shi ma Bature da tafinta ya yi aiki, kuma haraji ya kai shi. Sannan a miƙa kwafe ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, a ajiye wani a makarantar garin.

Mu tuna da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Tuddai ne da manoma suka daɗe suna zagayawa da garma. Da aka tona su a 1907, aka sake a 1992, sai ga kayan ƙarfe da na ado da suka nuna cinikin ƙasar Katsina da ƙasashe masu nisa tun ɗaruruwan shekaru. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Kammalawa

Funtuwa ta karɓi hanya da dogo da kasuwa da sarauta, kuma Allah ya sa mata albarka. Maska ta riƙe abin da ba a iya ɗorawa a mota: wurin da abin ya faru. Mutanen Bibury sun gane darajar irin wannan tun gidajensu na tsaye. Mu namu ya fi nasu saurin narkewa, masu ba da labarin kuma kullum raguwa suke yi. Ni dai na fara da ƙauyenmu, na cika littafin rubutu biyu, kuma cikin tsofaffi biyar da na zauna da su, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon rubuta abin da muka tarar kafin a tambaye mu.